Ranar da Manya Suka Sha Ƙasa a Kan Ƙanƙara: Tambayoyi da Amsoshi kan Manyan Bazata a Wasan Hoki na Duniya

Hokin ƙanƙara wasa ne na ƙasashen sanyi, kuma ƙasashe ƙalilan ne suka daɗe suna juya shi yadda suka ga dama: Kanada, Rasha (da Tarayyar Sobiyet kafin ta), Amurka, Suwidin, Finland da Jamhuriyar Cek. Da yake manyan ba su da yawa, duk ranar da wata ƙaramar ƙasa ta kayar da ɗaya daga cikinsu, maganar kan yi shekara da shekaru a bakin mutane. Ga tambayoyin da aka fi yi kan irin waɗannan ranaku.

Ga wanda bai taɓa kallo ba, yaya ake buga wasan?

Kowane ɓangare mutum shida ne a fili: mai tsaron gida, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Suna sulɓi ne a kan ƙanƙara da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa, kowa riƙe da sanda mai lanƙwasa, suna korar wani ɗan faifan baƙar roba mai tauri wanda nauyinsa bai wuce giram 170 ba. Ragar ƙarama ce ƙwarai, faɗinta mita 1.83, tsayinta mita 1.22. Ana yin zango uku na minti 20-20, kuma agogo na tsayawa duk lokacin da wasa ya tsaya. Saboda tsananin gudu, da wuya ɗan wasa ya wuce minti ɗaya a fili bai fita an canza shi ba. Wanda ya yi laifi yakan tafi benci na minti biyu, abokansa su ci gaba da mutum huɗu a gaban biyar.

Me ke ba ƙaramar ƙasa damar doke babba a wannan wasa?

Abu na farko shi ne mai tsaron gida. Ragar ƙarama ce, shi kuma yana sanye da kayan kariya masu faɗi. Idan ranarsa ce, zai iya tare hari 40 ko 50 shi kaɗai, ya bar manyan taurari suna cizon yatsa. Kusan duk labarin da za ka karanta a nan akwai sunan wani gola a tsakiyarsa.

Na biyu shi ne tsarin gasar. A gasar ƙwararru ta NHL ta Amurka da Kanada, sai ƙungiya ta ci wasa huɗu cikin bakwai kafin ta fitar da abokiyar karawarta, don haka mai ƙarfi na da damar gyara kuskurensa. A Olamfik da gasar cin kofin duniya kuwa, da an kai matakin sili-ɗaya-ƙwale wasa ɗaya ne tal. Faifai ya bugi takalmin wani ya karkace, shi ke nan an gama da kai.

Akwai kuma raini, wanda ya kayar da manya fiye da yadda suke yarda.

Wace bazata ce aka fi ambata?

Wasan Amurka da Tarayyar Sobiyet na ranar 22 ga Fabrairun 1980, a gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Lake Placid a jihar New York. Amurkawa na kiransa mu'ujizar kan ƙanƙara. A 2008, lokacin da hukumar hoki ta duniya, IIHF, ta cika shekara 100, shi ta zaɓa a matsayin labari mafi girma a tarihinta.

Sai an san wace ce tawagar Sobiyet a lokacin sannan za a gane dalili. Ita ta ci zinaren Olamfik a 1964, 1968, 1972 da 1976, sau huɗu a jere. A takarda 'yan wasanta ba ƙwararru ba ne, yawancinsu sojoji ne na ƙungiyar CSKA Moscow, amma hoki ne aikinsu safe da yamma, kusan duk shekara suna sansani tare. A 1979 sun haɗu da zaratan taurarin NHL a New York, suka lallasa su 6 da nema a wasan ƙarshe. Suna da Boris Mikhailov, Valeri Kharlamov, Vladimir Petrov, da matasa irin su Viacheslav Fetisov da Sergei Makarov, ga kuma Vladislav Tretiak a raga, wanda ake ganin babu kamarsa a duniya.

Amurka kuwa 'yan jami'a ta kawo, yawancinsu daga Minnesota da Boston, yara 'yan shekara 21 zuwa 22. Kocinsu Herb Brooks mutum ne mai zafi, wanda ya horar da su har suka kusa tsanarsa. Ya ƙudurta cewa ko ba su kai Sobiyet gwaninta ba, ba za su riga su gajiya ba. Ƙasa da mako biyu kafin haɗuwar, ƙungiyoyin biyu sun yi wasan sada zumunci a zauren Madison Square Garden na New York, Sobiyet ta ci 10 da 3.

A ranar wasan, Vladimir Krutov ya fara ci, Buzz Schneider ya farke, Makarov ya ƙara. Ana saura daƙiƙa kaɗan a tashi zangon farko sai Dave Christian ya maka faifan daga nesa. Tretiak ya tare amma bai riƙe ba, Mark Johnson ya kutsa tsakanin 'yan baya biyu ya zura, saura daƙiƙa ɗaya. A zango na biyu Sobiyet ta danne su sosai, Aleksandr Maltsev ya mayar da wasa 3 da 2. A zango na uku Johnson ya sake farkewa, ba a daɗe ba kyaftin Mike Eruzione ya ci ta huɗu, saura minti 10 cif. Waɗannan mintuna goma su ne suka mayar da gola Jim Craig gwarzo. Da aka tashi, Sobiyet ta kai hari 39, Amurka 16, amma allo na cewa 4 da 3.

Yanayin duniya ma ya ƙara wa abin gishiri. Watanni biyu kafin nan sojojin Sobiyet suka shiga Afganistan, ga Amurkawa da ake garkuwa da su a ofishin jakadancinsu na Tehran tun Nuwamban 1979. Amurkawa na cikin ƙunci, suna neman abin da zai ɗaga musu kai. Wani abin da ba kowa ya sani ba: yawancinsu ba su kalli wasan kai-tsaye ba, domin da yamma aka buga shi, tashar ABC kuma ta ajiye shi sai da dare ta nuna.

Wannan wasan ne ya ba Amurka zinare?

A'a. A wancan lokaci ba a yin wasan ƙarshe, maki ake tarawa tsakanin ƙasashe huɗu. Bayan kwana biyu Amurka ta haɗu da Finland, kuma da ta yi rashin nasara da zinaren ya koma hannun Sobiyet. Har aka shiga zango na uku Finland ce a gaba da 2 da 1, sannan Amurka ta zuba uku ta ci 4 da 2. Ni a wurina wannan wasan na biyu shi ya ba na farko daraja. Ƙungiyoyi da yawa sun kayar da babba, murna ta ɗauke musu hankali, wasa na gaba aka yi musu kaca-kaca.

Ba kuma shi ne karon farko ba. A Olamfik ta 1960 a Squaw Valley, Amurka ta doke Kanada 2 da 1, ta doke Sobiyet 3 da 2, ta ɗauki zinare, gola Jack McCartan na tsare raga. Bill Christian, wanda ya ci Sobiyet biyu a wancan wasa, shi ne mahaifin Dave Christian na 1980. Herb Brooks kuma shi ne ɗan wasa na ƙarshe da aka cire daga tawagar 1960 gab da fara gasar, sai a gida ya kalli abokansa suna karɓar lambar zinare.

Me ya sa kocin Sobiyet ya cire Tretiak?

Fushi. Viktor Tikhonov ya ga ƙwallon da aka ci ana saura daƙiƙa ɗaya a matsayin sakaci, nan take ya maye gurbinsa da Vladimir Myshkin. Myshkin ba kanwar lasa ba ne, shi ya tsare raga a wasan 6 da nema na 1979. Amma ganin Tretiak zaune a benci ya ƙarfafa wa yaran Amurka gwiwa, ya kuma girgiza 'yan Sobiyet ɗin kansu. Daga baya Tikhonov ya amince cewa wannan ne kuskure mafi girma a rayuwarsa ta koci.

Akwai kuskure na biyu da ba a cika magana a kai ba. A al'adar hoki, idan ana binka ƙwallo ɗaya a mintin ƙarshe, kakan fitar da gola ka sa ƙarin ɗan gaba a madadinsa. Tikhonov bai yi ba. Ƙungiyarsa ba ta saba neman farkewa a ƙarshen wasa ba, don ba a saba cin ta ba.

To, ita ce bazata mafi girma ke nan?

Idan shahara ake nufi, babu mai ja. Idan kuwa tazarar ƙarfi tsakanin ɓangarorin biyu ake aunawa, ni Poland nake ba wa.

A Fabrairun 1976, a Olamfik ta Innsbruck, Sobiyet ta ci Poland 16 da 1. Shekaru uku kafin nan, a Moscow, 20 da nema ta yi mata. Watanni biyu bayan Innsbruck, ranar 8 ga Afrilun 1976, suka sake haɗuwa a wasansu na farko na gasar cin kofin duniya, a zauren Spodek na birnin Katowice, a gidan Poland. Kocin Sobiyet Boris Kulagin ya ajiye Tretiak ya fara da gola na biyu, don yana ganin aikin bai kai a wahalar da babba ba. Kafin ya farga Poland ta yi nisa. Ya sa Tretiak, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Wani matashi mai suna Wiesław Jobczyk ya ci uku shi kaɗai, gola Andrzej Tkacz ya tsaya kai da fata, aka tashi 6 da 4.

Yaran Amurka na 1980 ba 'yan ƙyale-ƙyale ba ne. A gasar sun yi kunnen doki da Suwidin, sun ci Cekoslobakiya 7 da 3, kuma 13 daga cikin su 20 sun buga NHL daga baya. Poland ba ta da ko kusa da wannan. Shaida ita ce abin da ya biyo baya: a ƙarshen wannan gasar dai, Jamus ta Yamma ta ci ta a daƙiƙoƙin ƙarshe na wasan ƙarshe, Poland ta faɗa rukuni na ƙasa. Ƙungiyar da ta doke zakarun Olamfik ta kasa ko riƙe gurbinta a cikin manya. Abin da ya rage mata shi ne wannan dare ɗaya, a lokacin da ƙasar ke ƙarƙashin inuwar Moscow. Raunin ya bi Sobiyet har ƙarshe, Cekoslobakiya ce ta ɗauki kofin.

Wa ya fara karya lagon Kanada?

Birtaniya, a Olamfik ta 1936 a Garmisch-Partenkirchen ta Jamus. Kanada, inda wasan ya samo siffarsa ta zamani, ta ci zinare a 1920, 1924, 1928 da 1932 ba tare da an taɓa doke ta ba. Birtaniya ta ci ta 2 da 1, Edgar Brenchley ya zura ta biyun gab da tashi. Tsarin gasar ya ce sakamakon zai bi su zuwa zagayen ƙarshe, don haka Kanada ba ta samu damar ramuwa ba, duk da ƙorafin da ta yi. Sai dai akwai lauje cikin naɗi. Galibin 'yan wasan Birtaniya an haife su ne a can amma a Kanada suka tashi suka koyi wasan, har da gola Jimmy Foster. Kanada ta sha kashi ne a hannun waɗanda ita da kanta ta koya wa wasan.

Wanda ya fi wannan tasiri shi ne na 1954 a Stockholm. A wancan zamani Kanada ba ta damu da haɗa tawagar ƙasa ba, takan ɗauki wata ƙungiyar gari ta tura, kuma yawanci hakan ya isa. A wannan shekara ta tura East York Lyndhursts daga yankin Toronto. Sobiyet kuma karo na farko ke nan da ta shiga gasar duniya, shekara takwas kacal bayan ta fara buga irin wannan hoki. Ta ci Kanada 7 da 2 ta ɗauki kofi. Jagoranta Vsevolod Bobrov shi ne kuma kyaftin ɗin ƙasar a ƙwallon ƙafa a Olamfik ta 1952. Kanada ta rama a shekara mai zuwa da 5 da nema, amma zamanin tura ko wace ƙungiya ya fara ƙarewa daga nan.

Wasan farko na karawar Kanada da Sobiyet ta 1972 fa, bazata ne?

Ga mutanen Kanada, babbar bazata ce. Ga wanda ya san Sobiyet, ba haka ba ne. Shekara da shekaru 'yan Kanada na cewa ai yaransu ake dokewa, ranar da aka bar ƙwararrun NHL suka fito za a ga bambanci. A 1972 aka shirya wasanni takwas, huɗu a Kanada, huɗu a Moscow. 'Yan jarida da dama suka ce Kanada za ta cinye duka takwas. Masu leƙen da aka tura Moscow suka dawo da rahoton cewa golan Sobiyet, wani yaro ɗan shekara 20, shi ne rauninsu. Yaron shi ne Tretiak.

Ranar 2 ga Satumba a Montreal, Phil Esposito ya ci cikin daƙiƙa 30, Paul Henderson ya ƙara ta biyu. Daga nan ƙwararrun, waɗanda suka dawo daga hutun bazara da nauyin jiki, suka fara haki. Kharlamov ya ci biyu, aka tashi 7 da 3. Cikin wasanni huɗun gida, ɗaya kawai Kanada ta ci, har 'yan kallonta suka yi mata ihu a Vancouver. Sai da ta ci wasanni uku na ƙarshe a Moscow, Henderson ya zura ta ƙarshe saura daƙiƙa 34, sannan ta tsira da mutuncinta.

Ina sa 1954 da 1972 a aji ɗaya: ƙarfin ɓangarorin ya yi kusa, babban ne kawai bai san haka ba.

Wace ƙwallo ce ta fi kowace shammatar mutane?

Ta Vladimir Kopat, ɗan Belarus, ranar 20 ga Fabrairun 2002 a Olamfik ta Salt Lake City. Suwidin ta shigo zagayen 'yan takwas tana tashe: ta ci duk wasanninta uku, har da Kanada da ta doke 5 da 2, tana da Mats Sundin, Nicklas Lidström da Daniel Alfredsson. Belarus kuwa ta sha kashi a nata ukun, an zuba mata 22 ta ci 6, kuma ɗan NHL ɗaya ne tal a tawagarta, Ruslan Salei.

Gola Andrei Mezin ya tare hari 44, wasa ya tsaya 3 da 3. Saura minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi, Kopat ya maka faifan daga wajen tsakiyar fili, irin bugun da ake yi don a samu sararin canza 'yan wasa. Faifan ya tashi sama, gola Tommy Salo ya ɗaga jiki zai kama, ya buge shi a kai, ya faɗo bayansa ya gangara raga.

Abin da aka yi wa Salo bayan nan bai dace ba. Shi ne mutumin da ya tare bugun Paul Kariya na Kanada a 1994 a Lillehammer, ya ba Suwidin zinarenta na farko a Olamfik. Ƙwallo ɗaya ta shafe wannan a idon mutane da yawa, alhali abokansa sun samu dama fiye da 40 ba su ci sama da uku ba. Wata jaridar ƙasar har ta buga hotunan 'yan wasan da albashin kowannensu tana zarginsu da cin amanar ƙasa. Belarus ta sha 7 da 1 a hannun Kanada a wasa na gaba, ta ƙare ta huɗu. Suwidin ta share hawayenta da zinare a 2006.

Idan taurarin NHL ba su zo ba, nasarar tana da daraja?

Tana da ita, amma a faɗi gaskiya, ba ɗaya ba ne. A Olamfik ta 2018 a Pyeongchang, NHL ta hana 'yan wasanta zuwa. Jamus, wadda ko gurbi ba ta samu ba a gasar 2014, ta doke Suwidin 4 da 3 a ƙarin lokaci, ta doke Kanada 4 da 3, ta kai wasan ƙarshe da 'yan wasan Rasha. Tana gaba da 3 da 2, ga kuma Rasha da mutum ɗaya a benci, sai Nikita Gusev ya farke saura ƙasa da minti ɗaya, Kirill Kaprizov ya ƙarasa a ƙarin lokaci. Azurfar da kocinsu Marco Sturm ya kai su gare ta ita ce mafi girma a tarihin Jamus a Olamfik, amma Kanadar da suka doke ba ita ce Kanada ta sosai ba.

Shi ya sa abin da Suwizalan ta yi a Olamfik ta 2006 a Turin ya fi nauyi. Kanada na riƙe da kambu, ta zo da dukan manyanta. Martin Gerber ya tare hari 49, aka tashi 2 da nema. Duka ƙwallayen biyu Paul DiPietro ya ci, haifaffen Ontario wanda ya ɗauki kofin Stanley na gasar NHL da Montreal a 1993 kafin ya koma Suwizalan da zama.

Olamfik ta 1998 a Nagano, karon farko da NHL ta saki 'yan wasanta, ita ma tana cikin lissafi. Kowa na jiran Kanada da Amurka, sai Cek ta fitar da su duka biyu. A wasan kusa da na ƙarshe aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida, Dominik Hašek ya hana 'yan Kanada biyar ci, babban tauraronsu Wayne Gretzky na zaune a benci ba a kira shi ba. Cek ta ci Rasha 1 da nema ta ɗauki zinare. Sai dai ƙungiyar da ke da Hašek da Jaromír Jágr ba za a kira ta ƙarama ba.

Akwai wasannin da siyasa ta fi hoki nauyi a cikinsu?

Akwai, kuma babu kamar na Maris 1969. A Prague aka shirya yin gasar duniya ta wannan shekara, amma bayan tankokin Sobiyet da ƙawayenta sun mamaye Cekoslobakiya a Agustan 1968 aka mayar da ita Stockholm. Cekoslobakiya ta doke Sobiyet sau biyu, 2 da nema da kuma 4 da 3. Wasu 'yan wasanta sun liƙe jan tauraron da ke rigarsu. Dubban ɗaruruwan mutane suka fito tituna, aka farfasa ofishin kamfanin jiragen Aeroflot a Prague. Moscow ta fake da wannan ta ƙara matsa lamba, cikin Afrilu aka sauke Alexander Dubček daga shugabancin jam'iyyar da ke mulkin Cekoslobakiya. Kofin ma a ƙarshe Sobiyet ce ta ɗauka.

Sai na gasar duniya ta shekarar 2000 a St. Petersburg. Rasha ta tara taurarinta irin su Pavel Bure da Alexei Yashin don cin kofi a gida, sai ta sha kashi a hannun Amurka, Suwizalan, Latbiya da Belarus a jere, ta ƙare ta 11. Ga Latbiya, wadda ba ta cika shekara goma da fita daga Tarayyar Sobiyet ba, wannan 3 da 2 ba ƙaramin abu ba ne. Golanta Artūrs Irbe na cikin waɗanda suka tsaya a shingayen da jama'a suka kafa a Riga a 1991 don kare 'yancin ƙasar.

A ɓangaren mata fa?

A nan tazarar ta fi faɗi, don haka bazata ta fi wuya. Tun da aka fara gasar duniya ta mata a 1990, da Olamfik a 1998, duk wasan ƙarshe tsakanin Kanada da Amurka ake yi, har zuwa 2006. A Turin, Amurka na gaban Suwidin da 2 da nema a wasan kusa da na ƙarshe, Maria Rooth ta farke duka biyun, sannan ta ci bugun da ya raba gardama. Gola Kim Martin, 'yar shekara 19, ita ta riƙe wasan har aka kai nan.

Na gasar duniya ta 2019 a Espoo ya fi ciwo. Finland ta doke Kanada 4 da 2 a gaban jama'arta, ta kai wasan ƙarshe da Amurka. A ƙarin lokaci Petra Nieminen ta ci, 'yan wasa suka watsar da sanduna suna rungumar juna. Bayan doguwar duba bidiyo aka soke ƙwallon, aka ce an taɓa golar Amurka. Aka tattara sanduna aka ci gaba, Amurka ta yi nasara a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Har yau ban gamsu da wannan hukunci ba.

Akwai wani mai alaƙa da Nijeriya a waɗannan labarai?

Akwai Jarome Iginla, haifaffen Edmonton wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne. Yana cikin tawagar Kanada da ta tsayar da Belarus a 2002, ya kuma ci Amurka biyu a wasan ƙarshe. Yana cikin wadda Suwizalan ta kunyata a 2006. A 2010 a Vancouver shi ya miƙa wa Sidney Crosby faifan da ya ci zinare.

Irin wannan na faruwa har yanzu?

Fiye da da ma, domin yanzu yaran ƙananan ƙasashe na buga wasa a manyan ƙungiyoyin Suwidin, Suwizalan da Amurka ta Arewa, sun daina jin tsoron sunaye. A gasar duniya ta 2023 Latbiya, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan biyu ba, ta fitar da Suwidin da 3 da 1, ta doke Amurka 4 da 3 a ƙarin lokaci ta ɗauki tagulla, lambarta ta farko. Kristiāns Rubīns, ɗan baya, shi ya farke shi ya kuma ci ta nasara. Majalisar ƙasar ta zauna cikin dare ta ayyana washegari ranar hutu.

Na Denmak ya fi kowanne dogon tarihi. A 1949 ta shiga gasar duniya karo na farko, Kanada ta zuba mata 47 da nema a Stockholm, kuma sai 2003 ta sake hawa rukunin manya. Ranar 22 ga Mayun 2025 suka haɗu a zagayen 'yan takwas a garin Herning na Denmak. Kanada ta zo da Crosby da Nathan MacKinnon, Denmak kuma ta fara gasar da shan kashi uku a jere. Frederik Dichow ya tare hari 39. Kanada ta ci ɗaya a zango na uku, Denmak ta fitar da golanta ta ƙara ɗan gaba, Nikolaj Ehlers ya farke saura minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi. Kowa ya fara shirin ƙarin lokaci, sai Nick Olesen ya samu faifan a bakin raga ya zura, saura daƙiƙa 49. Kwana biyu bayan haka Suwizalan ta ci ta 7 da nema, Suwidin kuma ta hana ta tagulla, Denmak ta ƙare ta huɗu, matsayin da ba ta taɓa kaiwa ba.